Foldar Baba Jan Biro

A can bayan maɗaba'ar akwai wani ɗan ɗaki marar taga, kuma shi kaɗai ne ɗakin da na'urar sanyi ba ta hutawa a cikinsa. Ba don mutum ake kunna ta ba. Don wata baƙar kwamfuta ce da ke tsaye a kusurwa, wadda masana ke kira saba, ma'aikatan wurin kuwa Sito suke ce mata, tunda a cikinta kowa ke ajiye aikinsa. Mutumin da ke kula da ita shekara tara ke nan, shi ma sunansa ya ɓace a bakin mutane, kowa Mai Sito yake ce masa.

Aikin Sito ba shi da wuyar ganewa. Kowane ma'aikaci yana da folda a kwamfutarsa. Duk abin da ya saka a ciki, manhajar da ke Sito za ta ɗauka ta ajiye, ta kuma aika wa duk wata kwamfuta da ke ɗauke da akawun ɗinsa, ta ofis ce ko ta gida. In ya gyara a nan, ya gyaru a can. In ya goge a nan, ya gogu a can. Mai Sito yakan zaunar da sabon ma'aikaci ya yi masa wannan bayani a tsanake, kuma in ya zo kan batun gogewa sai ya faɗa sau biyu.

Cikin waɗanda ya koya wa har da surukinsa, mahaifin matarsa. Shi ne mai duba kurakurai a maɗaba'ar tun kafin a san kwamfuta a wurin, shekara talatin da ɗaya, kuma saboda biron da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa ake kiransa Baba Jan Biro. Shi ya kawo Mai Sito aikin, shi ya tsaya masa a gaban Manaja. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba ya barin takarda mai kuskure ta zauna a duniya. In aka buga masa shafi ya bi shi da jan biro, aka shigar da gyaran, sai ya karɓi tsohon shafin da hannunsa ya yayyaga shi ƙanana ya zuba a kwando. Yakan ce takarda mai kuskure ba ta da amana, wata rana wani zai tsince ta ya ɗauka ita ce daidai.

Haka ya yi wa nasa littafin. Shekara goma sha ɗaya yana rubuta tarihin gidansu: iyayensa, ƙaurar da suka yi yana yaro, yayarsa da ta raine shi, 'ya'yansa, jikokinsa. Ya bi tsofaffin dangi gida-gida ya ɗauki muryoyinsu, yawancinsu yanzu ba su. Duk babin da ya kammala sai ya karanta shi da bakinsa ya naɗa, saboda idon matarsa ya yi rauni, ba ta iya karatu mai tsawo. Amma bai taɓa bari kowa ya gani ko ya ji ba. In Auta, wato matar Mai Sito, ta matsa masa, sai ya ce, “Ke da ganinsa sai na gama dubawa. Ni ban taɓa sakin aiki da kuskure ba, ba zan fara da nawa ba.”

Da farko a wani ɗan filashi yake ajiye littafin, ya ɗaure shi da zare a jikin makullansa. Mai Sito ne ya hana shi.

“Baba, wannan abin in ya faɗi a mota fa? In ruwa ya taɓa shi?”

“To ina kake so in kai shi? Banki?”

“Ka sa a foldarka. Sito zai riƙe, kwamfutarka ta ofis za ta riƙe, laftof ɗinka ta gida za ta riƙe, ga kuma faifan ajiya da ke kwafe komai kullum. Wuri huɗu ke nan. Ba abin da zai ɓace.”

Baba ya daɗe yana dubansa ta saman tabarau, sannan ya kwance zaren. Filashin nan daga baya ya goge shi ya ba wata jikarsa tana zuba aikin makaranta.

Baba ya rasu bayan jinyar wata biyu. Sati biyu da rasuwar, ranar Litinin da hantsi, Manaja ya leƙo ɗakin sanyi riƙe da kofin shayi.

“Mai Sito, ya ƙarin haƙuri?”

“Da godiya, yallaɓai.”

“Allah ya jiƙan Baba. Abu biyu suka kawo ni. Sabuwar mai duba kurakurai gobe za ta fara, kuma ka ce gurbi goma sha biyu ne kawai muke da shi a Sito, duk a cike. Sai ka rufe na Baba ka buɗe mata. Na biyu, littafin nan nasa. Na yi masa alkawari a asibiti cewa mu za mu buga shi, ko ya gama dubawa ko bai gama ba. Ya harare ni, amma bai ce a'a ba. Ka fitar mini da shi yau a ba masu tsari.”

Dogo, mai tuƙa babban injin bugu, yana wucewa da gwangwanin tawada, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tura kai ciki don ya sha sanyi.

“Kai dai ka huta, Injiniyan Sanyi. Mu muna can muna narkewa, kai kana nan kana gadin akwati kamar mai jinyar kifi.”

“Ranar da akwatin nan ya yi zazzaɓi, Dogo, har kai sai ka ji a jikinka.”

“Ni ina ruwana? Nawa injin in ya ƙi, spana nake nuna masa. Yallaɓai, in za a buga littafin Baba ni zan tsaya a kan inji da kaina. Ko ɗigon tawada ya kauce, wallahi sai ya zo mini a mafarki da jan biro.”

Suka yi dariya, dariyar da ba ta nisa, suka fita suka ja masa ƙofa.

Rufe akawun ba sabon aiki ba ne a wurin Mai Sito. Ya yi shi ya fi sau ashirin. A bugun manhajar da ya yi shekara tara da shi, in ka danna “Cire”, mutumin ne kawai yake fita. Foldarsa takan koma ma'ajin mai kula da saba ta zauna lafiya, kwamfutocinsa kuma a bar musu abin da ke cikinsu. Sai dai wata uku da suka wuce an daina tallafa wa wancan bugun, dole ya sabunta. Sabon ya zo da takardar bayanin canje-canje mai shafi goma sha huɗu. Ya karanta shafi biyu na farko, ya ga duk maganar sauri ce da sabon launi, a ranar kuma Baba ya fara ciwo aka kira shi ya kai shi asibiti. Takardar tana nan buɗe a wani lungu na kwamfutarsa, yana ta cewa zai koma mata.

Ya nemo sunan Baba a jerin. Maɓallin “Cire” yana inda yake tun da, da launinsa na da. Ya ɗan tsaya, ba don shakka ba, don dai ganin sunan ya taɓa masa zuciya. Ya yi masa addu'a a ransa, ya danna. Wani ɗan akwati ya fito da rubutu a ciki. A tsohon bugu akwatin nan “Ka tabbata?” kawai yake tambaya. Na yau rubutunsa ya fi tsawo, layi huɗu ne ko biyar, amma hannunsa ya riga idonsa. Ya danna “Ee”.

Daga nan ya buɗe ma'ajinsa don ya ɗauko foldar ya kai wa masu tsari. Bai gan ta ba.

Ya sake lodawa. Ga foldar mai gadin da ya yi ritaya bara, ga ta matar nan mai lissafin kuɗi da ta koma wani gari, duk waɗanda ya cire a tsohon bugu suna nan a jere. Ta Baba ce babu. Ya ce a ransa wataƙila nauyi ne ya yi mata yawa, tana hanya. Ya jira minti biyar yana kallon agogon kusurwar allo. Sannan ya tashi ya fita zuwa teburin Baba, wanda har yanzu ba wanda ya taɓa shi, ga kofin birrukansa, ga matashin da yake sawa a bayansa. Kwamfutar tana kunne, domin masu tsari kan duba tsofaffin ayyuka a kanta. Ya buɗe foldar. Fari fat, da ɗan rubutu a tsakiya cewa babu komai a nan.

Ya koma ɗakin sanyi ya nufi babban kwandon shara, inda a da duk abin da aka goge a maɗaba'ar yakan kwana talatin kafin ya tafi, kuma mai kula da saba yana iya maido wa kowa kayansa. Sunan kwandon yana nan a gefen allo, amma ya yi toka-toka, da hoton ɗan kwaɗo a jikinsa. Da ya kai kibiya kansa sai rubutu ya fito: wannan yana cikin bugun manyan kamfanoni.

Saura faifan ajiya. Ya durƙusa ya dubi 'yar fitilarsa, kore shar kamar kullum. Kowace safiya saƙo yakan zo masa cewa an kwafe komai lafiya. Ya buɗe kwafin jiya, babu komai. Na shekaranjiya, babu. Faifan kwafin sati biyu kawai yake riƙewa, sabo ya ture tsoho, kuma duka goma sha huɗun wayam suke. Bai ɗauki lokaci ba ya gane dalili. Sabon bugu ya sauya wurin da yake zuba fayiloli a cikin Sito, shi kuwa umarnin kwafin da ya rubuta da hannunsa shekarun baya yana nan yana zuwa tsohon wurin. Wata uku ke nan yana kwafe ɗaki marar kaya yana kawo rahoton nasara.

Ya nemo lambar masu manhajar ya kira. Bayan dogon jira wata mata ta ɗauka, muryarta a natse, irin ta wanda ya sha jin wannan labari.

“Malam, kafin ka cire shi, ka miƙa foldarsa ga wani?”

“A'a. Da ai da kanta take komawa wurina.”

“A tsohon bugu ke nan. A wannan, sai ka fara danna ‘Miƙa’, sannan ‘Cire’. In ba ka miƙa ba, kayan suna tafiya tare da mai su. Akwatin gargaɗin yana faɗa.”

“Kwandon fa? In muka koma babban bugu yanzun nan, zai buɗe?”

“Zai buɗe, amma daga lokacin zai fara tarawa. Abin da ya tafi kafin nan bai san da shi ba. Ka yi haƙuri.”

“Baiwar Allah, ki taimake ni. Mutumin ya rasu. Aikin shekara goma sha ɗaya ne.”

Ta sassauta murya. “Allah ya jiƙansa. Bari in tambaye ka, akwai wata kwamfuta mai akawun ɗinsa da take a kashe tun kafin ka danna?”

Laftof ɗin Baba. Tana ɗakinsa a gida, a cikin jakarta, ba a buɗe ta ba tun ranar da aka koma da shi asibiti karo na ƙarshe.

“To kayan suna cikinta,” in ji matar. “Amma ka saurare ni da kyau. A sabon bugu, in aka cire mutum, saba tana ajiye umarni ga duk kwamfutocinsa cewa su share foldar da zarar sun shiga intanet. An yi shi ne saboda kwamfutar da aka sace, don haka sharewar ba ta barin abin da za a tono. Umarnin kuma ba ya janyuwa. Kada ka bari ta taɓa intanet. Ka kunna ta inda babu waifai, ka kwafe komai a faifai, sannan ka yi duk abin da za ka yi.”

Ya zari jakarsa da wani sabon faifai ya fita. Dogo ya ɗaga murya ta saman ƙarar inji, “Ina zuwa da rana tsaka, Injiniya? Za ka narke fa!” Bai juyo ba.

A bakin titi ya tari tasi. Tun kafin ya rufe ƙofa ya kira Auta, wadda tun rasuwar take wuni a wurin mahaifiyarta.

“Kina gidan Umma?”

“Ina nan. Lafiya na ji muryarka haka?”

“Laftof ɗin Baba, kada kowa ya taɓa ta. Kada a buɗe, kada a sa a caji, kada a ɗaga jakar ma. Ga ni nan zuwa.”

“Abban yara, me ya faru?”

“In na zo. Ki dai tsaya a bakin ƙofar ɗakin.”

Motar ta shiga cunkoso a wajen babbar mahaɗa, aka tsaya cik. Mai tasi yana ta faɗa da wani mai babur ta taga. Mai Sito ya kasa zama haka, ya ciro tasa laftof ɗin ya ɗora a cinya, ya kunna intanet ɗin wayarsa ya haɗa su, ya buɗe takardar nan mai shafi goma sha huɗu. A shafi na tara ya same shi, ƙarƙashin kan magana mai cewa canje-canje ga masu kula da saba. Komai yana nan a rubuce, dalla-dalla, cikin harshe mai sauƙi: batun miƙawa, batun kwando, batun sabon wurin fayiloli, har da jan layi a ƙarƙashin gargaɗin a gyara umarnin kwafi. Karatun bai ɗauke shi minti huɗu ba. Ya karanta ya sake karantawa har motar ta motsa, sannan ya rufe laftof ɗin ya tura wayar a aljihu.

Hankalinsa ya ɗan kwanta da ya tuna gidan Umma ba waifai. Baba bai taɓa yarda a sa ba, yakan ce in yana son hayaniyar duniya zai buɗe taga. Sai in ya kai laftof ɗin ofis take haɗuwa da Sito. Ba inda ya fi nan dacewa a kunna laftof ɗin.

Ya tarar da Auta tsaye a bakin ƙofar ɗakin kamar yadda ya ce, ta harɗe hannuwa. Umma tana zaune a falo a kan tabarma, ta jingina da kujera, carbi a hannunta. Ya durƙusa ya gaishe ta.

“Ɗan nan, kai da ba ka barin aiki da rana? Auta ta ce ka hana a taɓa kayan Malam.”

“Littafinsa zan kwafe, Umma. Manaja zai buga.”

“Allah ya yi masa albarka. Ni dai muryar nake so. Ya ce ya karanta mini duka, wai sai ya gama dubawa zan ji. Kullum sai na ce masa, Malam, kunnena ba ya ganin kuskuren rubutu. Ya ce nasa yana gani.” Ta yi ɗan murmushi. “A kawo nan ka yi a gabana.”

Auta ta ɗauko jakar da hannu biyu ta ajiye a kan ɗan teburin falo. Ya zuge zif ɗin a hankali. Ƙamshin turaren Baba ya taso daga cikin jakar, har Auta ta kau da kai. Ya buɗe murfin ya danna maɓallin wuta. Akwai sauran caji. Ya san kalmar sirrin, shi ya sa masa ita. Allo ya buɗe, ya shiga foldar, sai ga su: babi-babi a jere, kowanne da lambarsa da sunansa, a gefen kowanne ga fayil ɗin murya, a ƙasa ga foldar hirarrakin dangi. Idonsa ya bi jerin daga sama har ƙasa.

“Suna nan?” in ji Auta.

“Suna nan. Alhamdu lillahi, suna nan.”

Ya sunkuya ya buɗe tasa jakar yana neman faifan. Yana cikin kwalinsa, an naɗe shi da leda mai tauri, ya yi ta fama da farce bai yage ba. Umma ta ce a miƙo masa almakashi daga saman talabijin. Auta ta miƙo, ta kuma zuba masa ruwa a kofi ta ce ya sha tukuna, ya ga yadda yake haki kuwa? Ya karɓa ya sha. Duka abin bai fi minti biyu ba.

“Abban yara,” in ji Auta, “me ya sa suke raguwa?”

Ya juyo. Jerin da ya cika allo ya koma rabi, kuma yana kallo layuka suna ɗaukewa daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ba ƙara ba gargaɗi. A kusurwar allo alamar waifai ta cika taf, a gefenta ga sunan wayarsa.

Lokacin da Baba yake kwance a asibiti karon farko ya ce a kawo masa laftof, yana so gyaran da yake yi a kan gado ya riƙa isa Sito. Mai Sito ne ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa, ya kuma sa mata alamar ta riƙa shiga da kanta, don kada tsoho ya wahala da neman kalmar sirri. Laftof ɗin ba ta manta ba. Wayar kuwa tana aljihunsa, a kunne tun cikin tasi.

Ya danne maɓallin wuta da babban yatsa da dukkan ƙarfinsa. Kwamfuta takan ɗauki daƙiƙa biyar ko shida kafin ta mutu ta wannan hanya. Ya ƙirga su a ransa yana kallon sauran layukan suna tafiya. Kafin allon ya yi baƙi, ya ga farin fili.

Ya ɗauke yatsansa daga kan maɓallin.

Ya ciro wayar ya kashe ta gaba ɗaya. Ya sake kunna laftof ɗin, ko da wani abu ya tsira. Foldar ma kanta babu. Ya duba kwandon laftof ɗin, ya duba inda fayiloli kan ɓuya na ɗan lokaci, ya duba ko'ina da ya sani, yana yi yana sane da cewa matar nan ta riga ta gaya masa amsar. Auta tana tsaye a kansa.

“Ka ce suna nan.”

“Suna nan a lokacin.”

“To ka ɗauko na ofis mana. Ba kai ka ce wa Baba wuri huɗu ba? A gabana ka faɗa.”

Sai ya gaya musu. Bai rage komai ba, bai kuma ɗora wa manhaja ba. Ya faɗi maɓallin da ya danna, da akwatin da bai karanta ba, da faifan da ya yi wata uku yana kwafe iska, da shafi na tara, da wayar da ke aljihunsa. Ya yi bayanin a tsanake, daki-daki, yadda yake yi wa sababbin ma'aikata, domin ba shi da wata hanyar magana da ya iya. Da ya gama, Auta ta zauna a hannun kujera.

“Takardun fa?” ta ce. “Ai yana bugawa ya duba da biro. Na sha ganinsa.”

Ita ma ta san inda takardun suke ƙarewa. Ta tashi duk da haka ta shiga ɗakin Baba, suna jin tana jan durowa tana rufewa, tana ɗaga katifa, tana zazzage jakunkuna. Can ta fito da kwandon da ke ƙarƙashin teburinsa. An riga an zubar da shi tun ranar da aka share ɗakin don masu zuwa gaisuwa. Ta ajiye shi a tsakiyar falo ta koma ɗakin ta turo ƙofa, sai sautin kukanta ƙasa-ƙasa.

Mai Sito yana durƙushe a gaban teburin, bai iya ɗaga ido ba. Ya so Umma ta yi faɗa, ta ce ya tashi ya bar mata gida. Ba ta yi ba. Carbin ya tsaya a hannunta, ta zuba wa bango ido.

“Muryar Yaya ma tana ciki ko?” ta tambaya. Yayar Baba take nufi, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce.

“Tana ciki, Umma.”

“Da ta kawun Malam.”

“Da ita.”

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai karɓar gaisuwar rasuwa.

“Kai da kake riƙe da shi shekara da shekaru, ka taɓa karantawa?”

“Ban taɓa buɗewa ba. Ya ce kada a buɗe.”

“Haka ne. Ya ce.” Sannan ta juyo da fuskarta wajensa, idanun nan da ba sa gani sosai suna neman nasa. “Ɗazu da ka buɗe, ka ga sunayen babin. Ya sa ni a ciki?”

Ya rufe ido, jerin ya dawo masa kamar yana gabansa. Babi na sha bakwai. Baba bai rubuta suna a kansa ba, kamar yadda bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba.

“Akwai ɗaya da ya sa wa suna ‘Ita’,” ya ce. “Muryarsa ta fi ta kowane babi tsawo. Awa ɗaya da minti goma sha biyu.”

Umma ta sunkuyar da kai. Ta ja bakin mayafinta ta goge gefen ido, ta daɗe tana murza ƙwayar carbi ɗaya ba ta wuce ta ba.

“Mutumin da ba ya haɗa mini magana goma a yini,” ta ce. “Me ya samu da zai faɗa har awa guda?”

“Ban sani ba, Umma.”